Lanƙwasar da Ba Ta Fito a Kwafi Ba

Shugaban taro, iyayenmu marubuta, ma'aikatan maɗaba'a, 'yan uwana masu sharhi a jarida, jama'a: assalamu alaikum. Na gode da kuka ba ni minti biyar, domin a tsorace nake.

Na farko, kuskurena. Bara aka buga waƙoƙin da tsohon malamin nan na firamare ya rubuta shekara saba'in da suka wuce. A waƙarsa kan masu mulkin lokacin na ga layi mai cewa, "Sun kare mu." Na rubuta a shafina cewa ɗan fadanci ne. Bana na yi sharhin sababbin kundaye uku na matasa, biyu sun yi masa ba'a da kalmomina.

Ran Talata 'yarsa ta shigo ofis, ta ajiye wata takarda da ta yi ja a kan teburina.

"Kai ne mai sharhin?" in ji ta. "Sa tabaraunka, ɗana."

Na duba. Layin cewa ya yi, "Sun ƙare mu."

"Tafiretar Baba ba ta da haruffa masu lanƙwasa," ta ce. "Da alƙalami yake sa su, a takardar sama kawai. Ku kuma kwafin ƙasa, na kabon, kuka buga. Mutumin da aka kora daga aiki kan waƙar nan, shi kuka mayar maroƙi."

Na biyu, abin da ke hana ni sukuni. Takardun sama guda tara suka rage, gara ta cinye sauran. Kundi na biyu, waƙa ɗari da goma, zai shiga inji ran Litinin, duk daga kwafi. Ɗa nawa ya zama da? Baƙi nawa suka zama baki? Mutum ɗaya ya sani, malamin da kansa. Ya haura casa'in, ba ya gani, kuma jiya sau biyu ya tambaye ni sunana.

Na uku, roƙo. A dakatar da injin. A ba ni mutum shida masu haƙuri, mu riƙa karanta masa layi-layi da hantsi, lokacin da hankalinsa ke tare da shi. Jiya ni da 'yarsa mun gama waƙa huɗu. A ta biyar ya ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Allah ya ƙara masa kwana, ya tsare alƙalumanmu, ya mai da kowa gida lafiya. Takardar rubuta suna tana bakin ƙofa. Na gode.