Maganin da Ɓeraye Suka Riga Ni Samu

'Yan'uwa mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu, mai shinkafa da wake kusa da shingen kwastan, inda direbobin Maraɗi ke tsayawa.

Kun san sankarar nono ta kama ni. Abin da ba ku sani ba shi ne saura kaɗan in bar maganin asibiti.

Likita a Katsina ya ce sai an yi mini ƙarin ruwan nan da ake kira kemo, ƙullutun ya ragu, kafin a yi aiki. Aka fara. Ciwo yana wuri ɗaya, magani ya bi jikina kaf. Gashi ya zube, farce ya yi baƙi, baki duk gyambo. Ni da ke dafa wa mutane abinci, ƙamshin albasa ma amai yake sa ni.

Ɗiyata Rahila tana karatun haɗa magunguna a jami'a. Ta zo dubiya, ta zauna bakin gado tana ba ni labarin bincikensu. Wai ƙwayoyin ƙarfe ne ƙanana da ido ba ya gani, a ɗora musu maganin sankara, a sa su cikin jini, sai a aza maganaɗisu daidai kan ƙullutun ya jawo su su taru a nan. Magani ya ci ciwo, ya ƙyale sauran jiki.

Na ce, "To me muke jira? Kawo mini."

Ta ce, "Mama, ba mu kai ga mutane ba tukuna. Kan ɓeraye muke gwadawa."

"Ɓeraye? Ni da na haife ki ina kwance ba gashi, ɓera ne ke samun na kirki?"

Labarin ya zaga bakin iyaka. Wani direba mai cin abincina, da zuciya ɗaya, ya ciro maganaɗisun tsohuwar lasifika ya aiko, wai in ɗaura a ƙirji. Rahila ta juya shi ta ce, "Wannan sai dai ya tsinto miki allurar ɗinki."

Raina ya ɓaci. Na ce ba zan koma asibiti ba sai maganin su Rahila ya fito.

Safiyar da ya kamata in koma, ban ko durƙusa ba, daga kwance na yi addu'ar. Na ce, "Ubangiji, na gaji. Magani mai sauƙi yana hannun ɗiyata, ni an bar ni da mai zafi. In kana so in tashi, kai za ka tashe ni."

Ban ji wata murya ba. Sallama na ji. Hajiya Indo ce, maƙwabciyata mai fura, da mayafinta a kafaɗa. Ta ce, "Maman Rahila, tun daga zaure nake jin ki. Ke kina ta mita, mota tana jira a tasha. Tashi, ni zan raka ki."

Na tashi, ina gunaguni har Katsina. Haka ta riƙa raka ni har aka gama kemo, aka yi aiki. Zuwana na ƙarshe likita ya duba ya ce bai ga komai ba, amma in ci gaba da zuwa.

Godiya ta tabbata ga Yesu! Na koma gindin murhuna.

'Yan'uwa, ku dogara gare shi ko kuna cikin fushi, yana jin addu'ar mai mita. Wadda kuma ta taɓa wani ƙullutu a jikinta, kada ta tafi gida. Ta same ni a ƙofa bayan sujada, na san hanyar asibiti.