Ruwan Da Na Ƙi Sha A Gidan Saratu

Salama a gare ku a cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Haleluya!

Ni ce Hannatu, Maman Iliya, wadda kuka sani da surutu. To, yau surutuna na Ubangiji ne.

Haihuwa bakwai na yi. Autana na shiga makaranta sai wani abu ya same ni, wanda ko maigidana ban gaya wa ba. In na yi tari, fitsari ya kufce mini. In na yi dariya, haka. In na hau moto, wato babur, zuwa kasuwa muka faɗa rami, sai in sauka ina jan mayafi ina rufe bayana. Na dinga ninka tsumma a cikin zane, ga zafin garinmu Garuwa, kafin rana ta take ni kaina ina jin zarnin jikina. Na bar sahun gaba na zumuntar mata, na koma bencin bakin ƙofa.

Sai na yi wa kaina dabara: in ban sha ruwa ba, me zai fita?

Ga Saratu can zaune, maƙwabciyata tun muna amare. Sau uku na shiga gidanta ta kawo mini ruwa ina turewa. Na ukun ma folere ne, zoɓo mai ƙanƙara. Na ce, "Na ƙoshi."

Ta ce, "Ruwa ake ƙoshi da shi a bazara, Hannatu? Ko tsoro kike kar in zuba miki wani abu?"

Ta ɗauki kofin ta juye a gindin darbejiya. Daga ranar ko gaisuwa babu, wata huɗu cur! Aminiyata ta ɗauka mayya nake ganinta.

Ana saura kwana biyu Jibin Ubangiji, Mama Fasto ta kira mu ɗakinta. Ta ce, "'Ya'yana, ba za ku zo teburin Ubangiji da gaba a ciki ba. Mu durƙusa."

Na durƙusa, maƙogwarona a bushe kamar tsohuwar rijiya. Na ce a zuciyata, ya Yesu, kunya ta fi ƙarfina, ko ka ɗauke ciwon nan ko ka buɗe bakina. Jama'ar Allah, bakin ya buɗe! Kafin a ce amin na faɗi kome, ina kuka.

Saratu ta zare ido. "Wannan ne? Don wannan kika hana ni barci wata huɗu? Shashasha! Ni da na haifi tagwaye, kin taɓa ganin na yi tsalle a rawar zumunta?"

Muka fashe da dariya, abin kuwa ya kufce mini a kan tabarmar Mama Fasto. Ba wadda ta toshe hanci. Rungume ni suka yi.

Washegari Saratu ta ja ni asibiti. Ungozomar ta yi mini faɗa, ta ce ƙin shan ruwan ma ƙara ɓata abin yake. Ta ba ni maganin zafin fitsari, ta koya mini yadda zan matse naman ƙasan nan in saki, kullum. Ina tsince shinkafa ina yi, ina wanki ina yi. Wata uku na jefar da tsummokin. In atishawa ta zo da ƙarfi, ɗigo ɗaya kan sauka har yanzu, ba zan yi muku ƙarya a coci ba. Amma Lahadin da ta wuce, wa kuka gani a sahun gaba tana rawa? Haleluya!

'Yan'uwana mata, na ga wasunku a bencin ƙofar nan. Ba la'ana ba ce, ba kuma ke kaɗai ba. Gaya wa Yesu, ki gaya wa 'yar'uwa, ki tafi asibiti. Wanda ya rufa mini asiri ba zai tona naki ba.

Na gode wa Ubangiji. Saratu, miƙo kofin nan. Cika shi har baki!