Esi Ta Tashi, Firjin Allurar Inna Ya Mutu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ne Modu, mai tuƙa keke-napep a Gashua. Don Allah a karanta wasiƙata yau.

Mahaifiyata tana fama da ciwon suga, zafin bazarar nan kuma ya sumar da ita sau biyu. Na je Nguru na sayo tsohuwar esi, na'urar sanyaya ɗaki, na jona ta da baturan solarmu. Idan na kunna, fankarta tana juyawa lafiya. Amma na lura, bayan kamar minti uku, da zarar kwampireso, wato injin cikinta mai kawo sanyi, ya yi gurnani sai fitila ta dusashe, inbata mai juya wutar batir zuwa ta gida ta yi ƙara, komai ya ɗauke, har firjin da allurar sugan mahaifiyata take ciki.

Wani mai gyara ya ce batir ne, wani ya ce inbatar ce ƙarama. Jiya Inna ta jiƙa zanenta ta ce, "Ɗan nan, bar wa allurar sanyin, ni na saba." Wallahi ba ta saba ba, ina jin yadda take numfashi.

Masu aikin wuta da ke saurare, ku taimaka. Me zan canja kwampireso ya tashi ba tare da firjin ya mutu ba? Ina nan gindin rediyo, ina yi mata fifita, ina jiranku.