Baba a Mota, Ƙofar Gidan Hedimasta

Auta: Salamu alaikum. Baba, ina wuni?

Baba: Wa alaikumus salam, Auta. Lafiya lau. Ya aiki?

Auta: Da godiya. Ya gida?

Baba: Yana nan inda kika bar shi.

Auta: Ya ƙarfin jiki?

Baba: Ba a gwada ba tukuna. Ya maigidan naki? Ya yara?

Auta: Duk lafiya. Ƙaramin na haƙori, ba ma barci. Ka ci abinci?

Baba: Na gan shi dai.

Auta: Baba!

Baba: Na ci, na ci.

Auta: Ina jin ƙarar babura. Kana ina ne?

Baba: A mota.

Auta: A ina? Layin na yankewa.

Baba: A mota, na ce. Ƙofar gidan Hedimasta. An yi masa aikin ido, na zo dubiya.

Auta: Kai, alhamdu lillahi! Yau ka fita ke nan! Ya jikin nasa?

Baba: Ban shiga ba.

Auta: Au, yanzu ka iso?

Baba: Mai shagon da ke kallona har ya gaji ya daina. Auta, me ake cewa?

Auta: Wa?

Baba: Mutane. Na ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Sai me?

Auta: Haba Baba, kai da ka ƙare rayuwarka kana magana a gaban aji?

Baba: Aji ba ya jiran a tambayi surukarsa. Mamanku ce mai wannan aikin. Kafin mu sauka daga mota takan ce, "Ka tambayi ƙafar yayarsa. Ka yaba fentin. Kada ka ambaci ɗan nan na biyu." In shiga in sauke su yadda aka ba ni, in sha ruwa, ita ta ci gaba. Na ɗauka ni mai zumunci ne. Ashe direba ne.

Auta: Allah ya ji ƙan Mama.

Baba: Amin. Kwanaki na gwada ni kaɗai. Na haɗu da mai kemis ɗin layinmu, na ce ya uwargida.

Auta: Innalillahi! Ai sun rabu tun bara!

Baba: Haka ya sanar da ni. A taƙaice. Tun ranar ban sake leƙa waje ba sai yau.

Auta: Ba ka faɗa min ba.

Baba: Kin ce ya gida, na ce lafiya. In na juya yanzu, ina jin ni da makullin motar nan mun yi sallama. Ba wani abu ba ne. Gidana ba ya tambaya, ba ya jiran amsa.

Auta: A'a, ba za ka juya ba. Saurara. Ka tambayi jikokinsa. Ka ce gidan ya yi kyau.

Baba: Bai yi ba.

Auta: Mama ma ba don ya yi take faɗa ba.

Baba: Au? Ta sha ce min rigata ta yi kyau.

Auta: Wannan gaskiya take faɗa.

Baba: Hmm. Za su yi min ya haƙuri.

Auta: Ka ce da godiya.

Baba: Ina faɗa. Bakin ke faɗa, ni ina gefe ina saurare. Tsaya. Ga matarsa ta fito zubar da shara.

Auta: Ta gan ka?

Baba: Tana ɗaga hannu.

Auta: To ɗaga mata mana!

Baba: Na ɗaga. Ba ta gamsu ba, ta nufo motar.

Auta: Sauke gilashi. Kada dai ka tambayi ƙanwarta, sun yi... Halo? Baba?

Baba: Ina ji. Na sauke. Ta riga ni, ta ce yau ana zafi. Auta.

Auta: Na'am?

Baba: Ana zafin?

Auta: Ana yi, Baba. Ka ce mata ana yi.

Baba: To. Bari in faɗa mata.