Gawar da ta Tsaya Gyaran Wuyan Riga

Mai girma shugaban kwamitin wannan zaure, 'yan kwamiti, malamai, iyayenmu mata, 'ya'yanmu da suka shirya fim ɗin da muka gama kallo, da sauran jama'a, har da waɗanda na hango suna leƙen majigi ta tsakanin yatsu: assalamu alaikum.

Na gode da kuka bai wa tsohon tela dama ya yi magana. Ga wanda bai gane ni ba, ni ne gawa ta uku daga hagu, mai yagaggen kunne. Alhamdu lillahi, kunnen yana nan.

Kun san abin da ke gabanmu. Wata shida yaran nan suna aiki a ɗakin bayan zauren nan, sai aka kai ƙara cewa suna tsorata unguwa da fim ɗin matattu masu yawo, aka karɓe makulli, aka ce yau kwamiti zai yanke ko a mayar musu ko a rufe ɗakin. A kan wannan na miƙe.

Da farko, maganar tsoro. Mu da muka tashi a gaban kakanni, da Dodo aka rene mu. Kakata in tana tatsuniya ta zo wurin da zai fito, sai ta yi shiru ta ƙura wa bakin ƙofa ido, mu kuwa mu cure wuri guda muna rawar jiki, gobe kuma mu ne farkon zuwa. Babu wanda ya taɓa zaton Dodo gaskiya ne, kamar yadda babu wanda ke zauren nan da bai san mamaci ba ya tashi sai ranar da Ubangiji Ya so ba. Tatsuniya ce, ta samu kyamara.

Na biyu, abin da ido ya gani. Wannan tokar fuska, da jijiyoyin wuya, da raunin da ya sa wata baiwar Allah a layin gaba ta yi salati, duk aikin jikata ne, da auduga da gam da hoda. Awa biyu na zauna tana shafa ni. Na ce, "Ke, kin gama kashe ni ko da saura?" Ta ce, "Kaka, rufe baki, gawa ba ta surutu." Da na koma gida ban wanke ba, uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yau kam ka yi kyan gani." Shekara arba'in da shida ina jiran wannan kalma.

Na uku, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. An ce in ja ƙafa, in damƙi jarumin fim a wuya, in kai masa cizo. Na ja ƙafa, na damƙa. Sai yatsuna suka ji wuyan rigarsa a karkace, ɓari guda ya fi ɗaya tsawo. Jama'a, shekara hamsin ina kan keken ɗinki. Kafin in ankara na kwantar da wuyan, na daidaita shi, na ɓalla masa maɓallin sama. Darakta ya dafe kai ya ce, "Baba, cinye shi aka ce ka yi, ba awo ba!" Har zai sa a sake ɗauka, jikata ta ce, "Yaya, don Allah bar shi. Dubi fuskar jarumin." Aka duba. Yaron ya tsorata da gaske, domin abin da ya riƙe shi ya tashi daga dodo, ya koma wani da ya sani.

Daga ranar aka bar wa kowace gawa sana'arta. Mahauci yana latsa hannun wanda ya kama kafin ya ciza. Malamar makaranta tana jera sauran matattu a layi. Direba yana tafe yana canza giyar motar da babu. Kun yi dariya, na ji ku, kuma na ji lokacin da dariyar ta tsaya. Abin da ke riƙe mai kallo ke nan: jini kowa zai iya zubawa, amma ɗan abin da ya rage na mutum a jikin abin tsoro, sai wanda ya zauna ya lura da mutane. Yaran nan sun lura da mu, sun lura da hannuwanmu, sun lura da tafiyarmu, alhali muna cewa ba sa ganin komai sai waya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo a gaban jama'a. Makullin yana aljihunka na dama. Na san zurfin aljihun, ni na ɗinka shi. 'Yan kwamiti, na ga kuna gyaɗa kai. Yauwa! Ga shi ya fito. Darakta, taso ka karɓa da hannu biyu.

Allah Ya yi wa yaran nan albarka, Ya tsare su daga abin da zai ba su kunya. Allah Ya ƙara wa shugaba da kwamitinsa adalci, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.