Bashin Bankin da Muka Ɓoye wa Liman

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanku da war haka, kai da masu sauraro. Ni ne Sule daga Sauka Kahuta, nan Minna.

Ni da abokina Tanko muka haɗa jari don mu sayi injin niƙa da na casar shinkafa. Kuɗin bai kai ba, sai muka ci bashin banki da sunana, tunda ni ke da takardar gida. Da kasuwa ta lalace muka fara rigima, muka je wurin Liman ya raba mu. A ƙofar masallaci Tanko ya riƙe hannuna ya ce, "Sule, kada ka ta da maganar banki gaban Malam, ka san hukuncin kuɗin ruwa. Wannan tsakaninmu ne." Na biye masa, muka shiga. Liman ya ba shi injin niƙa, ya ba ni na casa, aka shafa fatiha.

Tun ranar Tanko ya ce abin da ba a faɗa gaban Liman ba, shi bai san da shi ba. Na kai ƙara kotu. Kullum sai a ɗaga shari'a, lauya kuwa ko an zauna ko ba a zauna ba sai na biya shi, har injina ya tafi. Ruwan banki bai tsaya jiran alƙali ba, yanzu ya fi uwar kuɗin. Sun ce gidan za su karɓa.

Jama'a, in akwai sauran shawara, ku taimake ni. Ina gaida Tanko, na san yana sauraro. Tanko, masarar da ka niƙa jiya ka karɓi kuɗi, ta gidana ce.