Man Keke a Cikin Fiyanon Zuhura

Shitu: Salamu alaikum. Zuhura? Kina ji na?

Zuhura: Wa alaikumus salam. Yaya Shitu, ina yini?

Shitu: Lafiya lau. Ya gida, ya aiki?

Zuhura: Alhamdu lillahi. Ya Harlem, ya shago?

Shitu: Shago ga shi nan, ɗinki ya taru mana kamar ana gobe Salla. Ya sanyin tsibirin naku?

Zuhura: Sanyi lokacinsa ne. Ya Anti Rahma da ƙafar tata?

Shitu: Da sauƙi, har ta fara takawa zuwa masallaci. Ina 'yata Rufaida? Ya makaranta?

Zuhura: Tana can, lafiyarta ƙalau.

Shitu: Na kira ta shekaranjiya, ina yi mata Hausa tana mayar min da Turanci. Na ce to, Allah ya shirya.

Zuhura: Amin.

Shitu: Wai muryarki fa? Mura kike yi?

Zuhura: A'a, ba mura ba ce. Gajiya ce kawai.

Shitu: To, sannu. Dama ba wata doguwar magana ba ce. Na kira in gaya miki ran Lahadi ina nan tafe Port Richmond. Na sayo babbar kwalba, zan ƙarasa miki aikin nan.

Zuhura: Babbar me? Maganarka tana yankewa.

Shitu: Kwalba! Babbar kwal...

Zuhura: Yaya, fito daga besmen ɗin nan don Allah, ba sabis a ƙasan. Kuma ka ce a tsayar da keken ɗinkin nan.

Shitu: Bari in hau sama. Yauwa. Yanzu fa?

Zuhura: Yanzu ina ji. Wane aiki za ka ƙarasa min?

Shitu: Au, ba ki ma lura ba? Kai, Zuhura. Sati biyu ina jiran ki kira ki ce Yaya na gode, shiru. Fiyanonki mana, abin kiɗan nan naki.

Zuhura: Fiyanona?

Shitu: Ranar da na zo cin tuwo, aka kira ki wurin aiki, kika bar ni ni kaɗai kusan awa biyu. Ba kin ce fedar ƙasan nan tana ƙara ba in kin taka? To na ɗiga mata mai. Ta daina ko ba ta daina ba?

Zuhura: Ta daina. Daga nan fa?

Shitu: Daga nan sai na ɗaga murfin sama, in ga ko akwai wani abin. Zuhura, tsatsa! Ƙusoshin nan da aka ɗaure wayoyi a jikinsu, duk sun yi ja. Na ce yarinyar nan tana son abin nan kamar ranta, amma ba wanda ya koya mata kula da ƙarfe. Ga 'yar kwalbar man keke a aljihuna, ba na rabuwa da ita. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Zuhura: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shitu: Lafiya? Wa ya rasu?

Zuhura: Kai ne? Ashe kai ne, Yaya?

Shitu: Ni ne me?

Zuhura: Tun safe nake zargin kaina. Na zargi hitar ɗumama ɗaki, na zargi danshi, har Rufaida na kira na yi mata faɗa a banza. Kwana biyar ke nan in na danna gefen dama sai ka ji kamar mage ake takewa. Yau na ɗauki hutun aiki, Mista Benedetto mai saitin fiyano ya zo. Ya sa sufanarsa ya ja ƙusa ɗaya, ya saki, ta koma da kanta. Ya ja ta biyu, ta koma. Sai ya kai hancinsa ya sunsuna, ya dube ni ya ce wa ya yi wa abin nan haka?

Shitu: To mai yana ɓata ƙarfe ne? Shekara talatin da huɗu ina kan keke, duk Juma'a sai na ba shi mai, bai taɓa...

Zuhura: Ba keke ba ne, Yaya! Ƙusoshin nan a cikin katako aka dasa su. Katakon ne yake matse su, matsewar ce take riƙe wayar a miƙe. Tsatsar da ka gani ba ta dame su da komai ba. Yanzu man ya bi jikinsu ya shige katakon, sun zama kamar haƙori mai girgiɗi. Ba abin da zai riƙe sauti.

Shitu: Subhanallahi.

Zuhura: Kuma ka goge wurin tas, ko alama babu.

Shitu: Ai dole in goge. Tela ba ya barin mai a fili, sai ya ɓata kayan mutane.

Zuhura: Shi ya sa mutumin ya kasa gane iyakar inda ɓarnar ta tsaya. Ya ce man yana tafiya a hankali, waɗansu sai nan da wata guda za su saki. Ya ce in duka aka shafa, ƙusa ɗari biyu da wani abu, to in yi haƙuri, fiyanon ya mutu. Har lambar masu kwashe tsofaffin kaya ya rubuta min ya ajiye a kan tebur.

Shitu: Zuhura, wallahi alheri na nufa.

Zuhura: Na sani.

Shitu: Ki yafe min. Kin ga, bari in gyara laifina. Akwai wani shago nan kan titin 125, suna da irin na lantarkin nan, kibod. Ba saiti, ba tsatsa, ki sa abin kunne ki yi ta kiɗanki ba mai jin ki. Gobe-goben nan zan...

Zuhura: Ba na so.

Shitu: To na katako ma ai kyauta ake bayarwa a garin nan. Abdul-Razak mai tasi ya ce kullum sai ya gani a intanet, mutane roƙo suke a zo a ɗauke musu.

Zuhura: Na ce ba na so. Ba fiyano nake nema ba, ina da fiyano.

Shitu: Ai duk katako ne da waya.

Zuhura: Yaya, saurare ni. Shekara bakwai ina jinyar Madam Loretta. Ni nake yi mata wanka, ni nake juya ta, ni nake kwashe abin da 'ya'yanta ba sa iya kallo. Wata rana ina goge ƙurar fiyanon nan yatsana ya danna madanni ɗaya, ta ce in sake dannawa. Tun daga ranar, kullum bayan abincin rana sai ta sa na tura kujerarta kusa da shi, rabin awa tana koya min. Hannunta na rawa, ba ta iya kiɗa, sai dai ta buga min yatsa da fensir in na yi kuskure. Ina da shekara arba'in da huɗu a lokacin, ban san ana rubuta kiɗa a takarda ba.

Shitu: Na san duk wannan. Ba mu shida muka hau da shi benenki ba? Har yau bayana bai koma daidai ba.

Zuhura: Ka san nauyinsa, ba ka san abin da yake a wurina ba. Tun da na zo ƙasar nan hannuwan nan nawa na mutane ne. Jikin mutane, kwanukan mutane, zannuwan gadon mutane. Wannan rabin awar ce kaɗai suke yi min aiki ni. Matar nan ta rubuta sunana a wasiyyarta, ta ce kada a ba kowa sai Zuhura, don ta san ba zan bari a jefar da shi ba. Shekara guda ba ta cika ba in kira masu shara? Wallahi ba zan yi ba.

Shitu: To me kike so a yi? Mai gyara da kansa ya ce ya mutu.

Zuhura: Cewa ya yi in duka ne. Kai kuma ka ce za ka zo ka ƙarasa. Ke nan ba ka gama ba.

Shitu: A'a, man ne ya ƙare min. 'Yar kwalba ce.

Zuhura: Alhamdu lillahi da ƙaramar kwalba. Daga ina ka fara?

Shitu: Daga dama mana. Da hagu ake fara abu?

Zuhura: Ina ka tsaya?

Shitu: Kai, sati biyu fa ke nan. Wajen tsakiya... a'a, ban kai tsakiya ba. Ko na kai? Bari in...

Zuhura: Ba na son ko. Yi tunani sosai. Halo? Yaya? Ka koma besmen ɗin ne?

Shitu: A'a, motar kashe gobara ce ta wuce. Tsaya! Ai na sa alama.

Zuhura: Wace alama?

Shitu: Alli. Allin ɗinki, shuɗi. Ba na barin aiki rabi ban ja masa layi ba, in ba haka ba gobe ina zan san inda zan ɗora? Ɗaga murfin, ki duba jikin ƙarfen nan mai ruwan zinariya, can sama da ƙusoshin.

Zuhura: Riƙe, kada ka kashe. Bari in sauke hotunan nan. Ina fitilar wayar... Ban ga komai ba.

Shitu: Matsa hagu kaɗan. Ɗan gajeren layi ne da gicciye a kansa, irin wanda nake sa wa wuyan riga.

Zuhura: Ba... tsaya. Ga shi! Ga shi nan, shuɗi!

Shitu: Yauwa. Duk abin da yake hagunsa ban taɓa ba.

Zuhura: Ka tabbata?

Shitu: A kan allina ba na shakka.

Zuhura: Yi shiru in ƙirga. Biyu, huɗu, shida... goma sha takwas, ashirin, ashirin da biyu. Madanni ashirin da biyu, kowanne waya uku. Ƙusa sittin da shida ke nan.

Shitu: Da yawa ne ko kaɗan?

Zuhura: Bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ya ce in ɓangare ne, akwai dabara. A sassauta wayoyin, a zare ƙusoshin ɗaya-ɗaya, a wanke kowane rami da wani ruwan magani har man ya fita, a bar shi ya bushe, sannan a buga sababbi masu ɗan kauri. Bai yi alkawarin zai riƙe ba. Ya ce wataƙila.

Shitu: To madalla, sai ya zo ya yi.

Zuhura: Shekararsa saba'in da huɗu, kafaɗarsa ta lalace. Ya ce shi zai iya zarewa da bugawa, amma wankin ramukan aikin kwanaki ne, sai an sami mai haƙuri, mai hannun da ba ya rawa, wanda zai zauna yana bin rami ɗaya sau goma bai gaji ba. Ya ce irin waɗannan mutanen sun ƙare a New York. Ni kuma na san guda ɗaya.

Shitu: Wa?

Zuhura: Wanda ya bi ƙusa sittin da shida da 'yar kwalba bai tsallake ko ɗaya ba.

Shitu: A'a, a'a, Zuhura. Ni da na ɓata? Ban ƙara taɓa abin nan ba har abada.

Zuhura: Za ka taɓa. Asabar, ƙarfe takwas na safe.

Shitu: Asabar? Kin san abin da yake gabana kuwa? Ankon bikin 'yar Alhaji Mahaman na ofishin jakadanci, riga arba'in, saura sati biyu. In na rufe shago ran Asabar matan nan za su cinye ni ɗanye.

Zuhura: Asabar uku ma za ka rufe, ba ɗaya ba.

Shitu: Uku!

Zuhura: Ni zan biya ka da hannuna. Ina tashi aiki ƙarfe uku, in hau feri, jirgin ruwan nan, a St. George, in kama jirgin ƙasa, kafin biyar ina shagonka. Kalmasa, maɓalli, guga, duk ka tara min. Ai kai ka koya min tun muna Fagge.

Shitu: Kullum? Tafiyar awa ɗaya da rabi, bayan kin yini a tsaye kan marasa lafiya? Za ki faɗi.

Zuhura: Ban faɗi a shekara ashirin ba, ba zan faɗi a sati biyu ba.

Shitu: Ke dai tun kina ƙarama in kin kafe... To ji nan. Misali mun yi duk wannan wahalar, an buga sababbin, mutumin ya ja waya, ta sake saki. Sai yaya?

Zuhura: Sai mu zare mu sake wankewa.

Shitu: In ta kuma saki fa?

Zuhura: Sai in yi kiɗana a madanni sittin da shida da suka rage min, har in mutu. Amma fiyanon nan ba zai kwana a bakin titi ba ina numfashi.

Shitu: Ikon Allah.

Zuhura: Za ka zo ko ba za ka zo ba? Gaya min yanzu, don mutumin ya ce in kira shi kafin biyar, in ba haka ba zai ba wani Asabar ɗin.

Shitu: Ni tsoro nake ji, Zuhura. Kada hannuna ya ƙarasa kashe miki shi.

Zuhura: Ni ma tsoron nake ji. Tun safe nake kuka, yanzu na gama. Ba wanda na yarda da hannunsa a garin nan kamar kai, shi ya sa abin ya yi min ciwo.

Shitu: ...Ferin ƙarfe nawa zan kama?

Zuhura: Na bakwai. Ka zo da tabaranka na ɗinki.

Shitu: To ita babbar kwalbar da na saya fa, in...

Zuhura: Ka bar ta a Harlem. Biyar saura minti huɗu, Yaya, sauka min daga layi.